Na yi ritaya, ibada ina yi, amma zuciyata wayam

Tsohon Akawu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Jikana ne ke danna min haruffan nan ina faɗa masa, don haka zan taƙaita. Shekara 35 na yi ina aikin akawu a gwamnati, bara aka sallame ni. Duk wanda ya zo min murna abu ɗaya yake cewa: "Baba, yanzu ka samu lokacin ibada." To, na samu. Sallah biyar a sahun farko, azumin Litinin da Alhamis, carbi ba ya barin hannuna. Amma da an idar da Asuba na dawo dakalin ƙofar gida, ba abin da nake yi sai jiran ladan ya sake kira. Da can ƙarfe bakwai na kama hanya, takardun albashin mutane na jirana, in ban je ba tukunyar wani ba ta hau wuta ba. Yanzu ko mako na yi ban leƙo waje ba, ba abin da zai tsaya. 'Ya'yan duk sun kama gabansu, sai gaisuwa ta waya. Kunyar tambayar limaminmu nake ji, kada ya ce imanina ne ya yi rauni. Shin wannan zaman shi ne abin da aka halicce ni dominsa, ko akwai abin da ban gane ba?

Ɗalibin Zaure, Unguwar Juma:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ba malami ba ne, abin da na ji a gaban malamai zan faɗa. Aya ta 56 a Suratuz Zariyat ta ce Allah bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta masa, wannan kowa ya sani. Inda muke kuskure shi ne mu ɗauka bautar a kan dadduma take farawa, a nan kuma take ƙarewa. A Bukhari, Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da ya sa a bakin iyalinsa. Shekarun da ka yi kana lissafin haƙƙin mutane ba ka ci amana ba, kana kawo halal gida, cikin ibada kake tun a lokacin. Ritaya ta bar maka ɓangaren da ke tsakaninka da Allah, ta ɗauke wanda ke tsakaninka da bayinsa. Ina jin shi ne kake kewa.

Sannan karatu, Baba. A zauren malaminmu akwai dattijon da ya fara Ahalari da furfurarsa, yanzu yana Iziyya, kuma duk ya fi mu tambaya.

Mai Aska Takwas, Kwarbai:
Akawu! Ku 'yan boko matsalarku ke nan, agogo ne ubangidanku, ranar da ya sake ku sai ku rasa gabas. Mu masu ɗinkin hannu ba mu san ritaya ba sai ranar da ido ya ƙi ganin kafar allura.

Yaron nan ya yi magana mai kyau, amma ni ba zan tura ka zaure tukuna ba. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ai magini ne, ba limami ba. Ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a shekarun 1830, aka yi ta sallah a ƙarƙashin ginin nan kusan shekara 190 kafin wani sashe ya rufta a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da ƙasa da azara ya yi tasa hidimar, don su ya sani. Kai lissafi ka sani. Wa ke riƙe da littafin asusun masallacinku? Na rantse ba kowa. Rabin rigimar masallatan unguwa a kan kuɗin man janareta da na tabarmi ake yinta, ba don an ci ba, don ba a rubuta ba. Ga matan da mazansu suka rasu suna yawo da takardun fansho a leda ba su san ofishin da za su nufa ba, kai kuwa ka san kowace ƙofa. Kana zaune a dakali kana jan carbi, su suna can suna zaga gari a rana.

Maman Ihsan, Samaru:
Baba ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya zan ƙara. In barci ya fara ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko ka ji ba ka son ganin kowa har sama da mako biyu, ka daure ka ga likita, ga asibitin Shika nan kusa. Ciwon damuwa yakan kama waɗanda suka bar aiki, kuma ba raunin imani ba ne. Annabi (SAW) ma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Kuma don Allah ka riƙa shiga ciki kuna hira da Hajiya. Ita ta riga ka sanin yadda gida yake in yara sun watse.

Tsohon Akawu, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. 'Yata, barci ina yi, abinci kuwa Hajiya za ta ba da shaida. Mai Aska, bakinka ya yi kaifi, amma bayan La'asar na tambayi ladan, ashe rasitan masallacinmu a gwangwanin madara suke tun gyaran rufi. Na ce ya kawo min su gobe, zan sayi littafi mai layi. Malam Ɗalibi, ƙarfe nawa ake fara karatun, kuma za a yarda in zo da 'yar kujera? Gwiwar nan ba ta son zaman ƙasa.