Neman kalma: me za mu kira tsaron nan na biyu da ake sa wa imel?

Ranar Asabar da la'asar na zauna a shagon kawuna ina so in ƙara wa imel ɗinsa tsaro, domin ta nan abokan cinikinsa na Guangzhou, a ƙasar China, ke turo masa takardun kaya. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ba ni da kalma. Turawa na cewa two-factor authentication, Google kuma na kiransa 2-Step Verification tun da ya buɗe wa kowa shi a Fabrairun 2011. Na ce, "Kawu, tabbatarwa ce mai mataki biyu." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Matakin wane benen?"

Abin da ya sa na jefo muku tambayar ke nan, ga kuma kalmomin da jama'a suka kawo.

Ga wanda bai taɓa kunna shi ba: bayan ka rubuta kalmar sirri, sai a nemi wani abu daban. Ko lamba mai alƙaluma shida da aka turo maka ta tes, ko wadda manhajar Google Authenticator ke sauyawa duk daƙiƙa 30, ko ɗan ƙarfen nan irin YubiKey da ake sokawa a kwamfuta, ko zanen yatsa. Kalmar sirri a kanka take, waya a aljihunka, yatsa a jikinka. Ɓarawon da ke wata ƙasa zai iya yaudararka ya karɓe ta farko, amma hannunsa ba zai kai aljihunka ba. Duk kalmar da za mu ɗauka, sai ta nuna cewa abubuwan biyu ba daga tushe ɗaya suka fito ba.

Wani mai gyaran waya ya ce "kwaɗo biyu". Ta yi daɗi a baki, kuma ba ɗan kasuwar da zai nemi ƙarin bayani. Sai dai ku duba ƙofar kowane shago: kwaɗo biyu, wani lokaci har uku, makullan duka a zobe ɗaya. Wanda ya zare zoben ya gama. Wannan daidai yake da kalmar sirri biyu a takarda ɗaya.

Wata yayarmu ta kawo "sakata", wato kwaɗo a waje, sakata a ciki. Yaya, ki yi haƙuri, sakata sai mai gida yana ciki yake danna ta, mu kuwa a waje muke muna neman shiga. "Tantancewa mai hawa biyu" daidai ce a ma'ana, amma ƙamshin layin zaɓe take yi, ga tsawo.

Wadda ta tsaya mini a rai wani dattijo ne ya kawo ta, tsohon magatakardan kotu: "shaida biyu". Ya ce duk wanda ya rubuta adireshin imel da'awa ya yi cewa akwatin nasa ne, alƙali kuwa ba ya ba ka kaya don ka ce naka ne, sai ka kawo shaidu. Ya ƙara da cewa wanda a bakin shaidar farko ya ji labarin, ba a lissafa shi a shaida na biyu. Baba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da na kasa faɗa wa kawu.

An yi gardamar ko "shaidu biyu" ya kamata. Ni na fi son tilon, kamar yadda muke cewa shekara biyu, naira biyu. Sannan "shaida" na nufin mutumin, tana kuma nufin hujjar, kamar a katin shaida da takardar shaida.

Kuma kalmar tana haihuwa. Lambar da ake turowa ta zama lambar shaida. Manhajar ta zama manhajar shaida. Lambobi 10 da Google ke bayarwa don ranar da waya ta ɓata, kowace mai alƙaluma 8 kuma sau ɗaya take aiki, su ne shaidar ko-ta-kwana. Har raunin tes ma yana faɗuwa cikin sauƙi: idan wani ya yi dabara aka sabunta masa layinka a sabon sim, lambar wajensa za ta tafi. Tes shaida ne da ake iya sayewa, manhajar kuwa tana cikin wayarka, ko babu sabis tana aiki.

Na koma shagon da kalmar. Kawu ya kwafe lambobin ko-ta-kwana a bayan littafin bashi, ya jefa a durowa ya kulle. Can sai ya ɗago ya ce, "To shi wannan da ya kira ni rannan wai in karanto masa lambar da ta shigo, shaidata yake son ara ke nan?" Na ce ƙwarai, Kawu. Ya yi tsaki.

Saura ɗan ƙarfen nan da ake sokawa. "Makullin shaida" na rubuta, amma wani daga Damagaram ya ce "hatimi" ya fi, kuma na fara karkata wajensa.