Me za mu kira wannan aikin da Amurkawa ke yi wa gidajen talakawa?

1/ 'Yan uwa masu aikin fassara, ku zo mu yanke hukunci kan wata kalma: weatherization. Sunan wani shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da Ma'aikatar Makamashi ke gudanarwa, wanda aka kafa a 1976, bayan tsadar man da ta biyo bayan takunkumin ƙasashen Larabawa na 1973. Ana gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi kyauta domin kuɗin wuta da gas ya ragu. Gidaje fiye da miliyan 7 sun amfana. A ƙa'ida, iyalin da abin da suke samu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talaucin gwamnati ba sun cancanta.

2/ Sai mun san aikin kafin mu raɗa masa suna. Ma'aikata kan kafa wata babbar fanka a bakin ƙofar shiga, su rufe tagogi, fankar ta riƙa zuƙe iskar cikin gida tana fitarwa waje. Nan take iskar waje za ta fara kutsowa ta kowace kafa: ƙarƙashin ƙofa, gefen taga, inda bututun ruwa ya huda bango. Su bi da ɗan hayaƙi, duk inda ya karkata sun kama ɓarauniyar hanya, su liƙe. Daga nan su cusa wa bango da saman silin abin riƙe ɗumi, sau da yawa niƙaƙƙiyar tsohuwar jarida ce da aka sa wa maganin hana kama wuta. Su kuma duba na'urar ɗumama ɗaki ko tana fitar da iska mai guba.

3/ An kawo "ɗumama gida". Ban yarda ba. A Minnesota ya dace, amma a Arizona da Texas zafi ake korewa da wannan aikin. Ga shi kuma zai rikice da wani shirin na daban, LIHEAP na 1981, wanda shi galibi taimakon biyan kuɗin wuta da gas ne.

4/ "Toshiyar gida" kuwa, haba! Kunne zai jiyo toshiyar baki.

5/ Wani malami ya ce "yaɓe", kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Magidanci a gidan ƙasa ba ya bari damina ta faɗi bai bi katanga da rufin soro ya cike tsaga ba, tunanin ɗaya ne. Allah ya gafarta Malam, matsalar ita ce yaɓe na ruwan sama ne, kuma duk Bahaushen da ya ji zai hango magini da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gidan katako a Ohio ba ya yaɓuwa.

6/ Tawa shawarar: "suturar gida". Sutura tana tare sanyi, tana tare rana, kuma tana rufa wa mai ita asiri, wanda shi ne ainihin manufar shirin: kada tsohuwa ta zaɓa tsakanin sayen magani da kunna hita a watan Janairu. Shirin sai ya zama "tallafin suturar gida", LIHEAP kuma "tallafin kuɗin wuta da gas".

7/ Wata Hajiya ta ja kunnena cewa mamaci ma ana yi masa sutura. Gaskiya ne, Hajiya, ranki ya daɗe. Don haka a guji "an yi wa gidan sutura" da "an suturta gidan", duka suna warin jana'iza. A rubuta "an sa wa gidan sutura". A kanun labari: "Amurka ta ware dala biliyan 3.5 a 2021 don sa wa gidajen talakawa sutura". Masu karanta labarai a rediyo, ku gwada shi a baki ku gaya mana ko yana sarƙe harshe.