Da wane ma'auni doka ke auna na'urar kaɗa ƙuri'a?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Idan hukuma ta ce ta gwada na'urar kaɗa ƙuri'a, har ta ba ta takardar shaidar inganci, da wane ma'auni ta auna ta? Majalisa ce ke gindaya sharuɗɗan, ko hukumar zaɓe ce ke tsara wa kanta? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in wanda ya sha kaye ya garzaya kotu yana zargin na'ura, takardar nan kaɗai ta isa hujja cewa lissafi daidai yake?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a zo batun gwaji, dole ne dokar majalisa ta halatta na'urar tukuna. A shekarar 1982 hukumar zaɓen Indiya ta yi amfani da na'ura a wasu rumfuna na mazaɓar Parur a jihar Kerala, amma a 1984 Kotun Ƙoli ta soke wannan zaɓe saboda dokar lokacin takardar ƙuri'a kaɗai ta sani. Sai da aka ƙara sashe na 61A a dokar zaɓensu, wanda ya fara aiki a 1989, sannan na'urar ta samu gindin zama.

A Amurka kuwa, dokar inganta harkar zaɓe ta 2002, wadda ake kira HAVA, ta kafa hukumar EAC, wadda ke fitar da ƙa'idojin gwaji tare da amincewa da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu. Sai dai bin ƙa'idojin ba tilas ba ne, kowace jiha ce ke yanke abin da za ta ɗauka.

Hukuncin da na fi so ki nazarta shi ne na Kotun Tsarin Mulkin Jamus, na ranar 3 ga Maris 2009. Na'urorin kamfanin Nedap da aka yi zaɓen 2005 da su an gwada su, an kuma ba su izini bisa ƙa'ida, duk da haka kotu ta ce amfani da su ya saɓa wa tsarin mulki. Dalilinta shi ne zaɓe al'amarin jama'a ne, don haka wajibi ne ɗan ƙasa wanda bai san komai game da kwamfuta ba ya iya bin diddigin muhimman matakansa, tun daga jefa ƙuri'a har zuwa ƙidaya. Ni a ganina babu ma'aunin da ya kai wannan, domin bai yarda shaidar ƙwararru ta maye gurbin idon mai zaɓe ba.

Injiniya:
Barista ya yi bayani mai gamsarwa, zan ƙara daga ɓangaren masu gwajin. Abin da ake kaiwa ɗakin gwaji samfuri ne, tare da zubi guda na manhajarsa. Takardar shaida tana magana a kan wannan samfuri, ba ta cewa komai game da dubban na'urorin da za a raba wa rumfuna bayan watanni. Shi ya sa doka mai kyau take wajabta a kwatanta hatimin lissafi (wata lamba da ke sauyawa da zarar an taɓa manhaja) na manhajar da ke cikin kowace na'ura da na wadda aka gwada, a liƙe na'urorin, a rubuta duk hannun da suka bi, kuma duk gyaran da aka yi wa manhaja a sake duba shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: a tsarin Amurka kamfanin da ya ƙera na'urar ne ke biyan ɗakin gwaji, kuma wannan ya isa dalilin a riƙa buga rahoton gwaji a fili.

Ƙa'idojin da EAC ta amince da su a Fabrairun 2021 sun buƙaci kada kuskure ko canji a manhaja ya iya sauya sakamako ba tare da an iya ganowa ba. A aikace, hanya mafi sauƙi ita ce takardar da mai zaɓe ya gani da idonsa. A Holan, bayan wasu masu fafutika sun nuna a 2006 cewa ana iya sauya manhajar na'urorin da ke da izini, an janye izinin a 2007, ƙasar ta koma ga takarda da jan fensir.

Mai Sa Ido:
Injiniya, ban ƙi taka ba, amma kada Malama ta ɗauka kowa ya yarda da takarda. Brazil na zaɓe da na'ura a duk faɗin ƙasar tun 2000, kuma Kotun Ƙolinta ta hana na'ura buga takardar ƙuri'a har sau biyu don gudun tona asirin mai zaɓe. Su sun dogara ne ga buɗe manhaja ga jam'iyyu da kuma gwajin kutse a bainar jama'a, wanda suka fara a 2009. Sirrin ƙuri'a ma sharaɗi ne na doka, kuma wani lokaci yakan yi karo da son bin diddigi.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Barista, saura tambayata ta ƙarshe game da kotu.

Barista:
Galibi nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara ne, Malama, kuma a nan gizo ke saƙar. Ko kotun Jamus ɗin ba ta soke zaɓen 2005 ba, domin ba a nuna cewa wata na'ura ta yi kuskure ko an taɓa ta ba. To, in babu abin da za a sake ƙirgawa, da me mai ƙara zai nuna? Wannan ne ya sa Kotun Ƙolin Indiya ta ce a 2013 takardar da na'ura ke fitarwa ba makawa ce, a 2019 kuma ta umarci a riƙa kwatanta takardun rumfuna biyar da lissafin na'ura a kowace mazaɓar majalisar jiha. Idan kina nazarin dokar wata ƙasa, ki duba ko ta ba ɗan takara ikon neman irin wannan kwatanci, da kuma tsawon lokacin da ta wajabta a adana takardun bayan an sanar da sakamako.