Sada'u da Hausa: tsaga ce ko karaya?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Wata kalma nake nema, kuma na zo da tawa shawarar.

Makon jiya 'yata da ke sakandare a nan Jidda tana bitar darasin ilimin duwatsu, sai ta ce, "Baba, mene ne sada'u da Hausa?" Littafinsu yana cewa sada'u ko faliƙ da Larabci, Turawa kuma su ce fault, wato inda dutse ya tsage kuma gefe ɗaya ya matsa. Muka tambayi manhajar fassara, ta ba mu "laifi". Abin ya dame ni, don irin wannan fassarar yaranmu ke kwafa.

Na taɓa ganin abin da idona, a gaɓar Tekun Akaba, kudu da garin Haƙal. Wani tsaunin bakin ruwa ne da igiyar ruwa ta wanke fuskarsa, duwatsun shimfiɗa kan shimfiɗa kamar an jibge tabarmi. Akwai wata shimfiɗa mai duhu, kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Na bi ta da yatsa har ta yanke a bakin wani layi da ya sauko a karkace. Sauranta na can ɗaya gefen, amma ya yi ƙasa da kusan kamu uku. Cikin layin kuwa dutsen ya niƙe, ina taɓa shi yana marmashewa.

Da na kawo maganar a majalisarmu, wani dattijo ya ce, "Ai tsaga ce, Malam." Ya kuma jawo ayar Suratut Tariƙ, "wal ardi zatis sad'i", wadda malaman tafsiri ke fassarawa da ƙasa mai tsagewa don tsiro ya fito. Gaskiyarsa ta fuskar Larabci. Sai dai masana duwatsu sun raba abu biyu: dutsen da ya tsage gefunansa suna nan inda suke, da wanda ya tsage kuma gefe ɗaya ya matsa. Na biyun kaɗai suke kira sada'u. In muka ce tsaga ga duka biyun, mun zubar da matsawar, alhali ita ce kan zancen.

Wani ya ce "gocewar ƙasa". Tana da daɗin faɗi, amma mai ji zai ɗauka zaftarewar ƙasa ake nufi, irin ta lokacin damina.

Ni wajen masu ɗori na samo tawa. Maɗori bai taɓa haɗa tsagewar ƙashi da karaya ba. In ya shafa ya ji bakin ƙashin biyu sun saɓa, karaya zai ce. To abin da na shafa a jikin tsaunin nan ke nan. Don haka nake ganin mu ce karayar ƙasa, mu bar wa ɗayan sunan tsaga.

Kalmar tana karɓar rassa ba wahala. Inda aka ja ƙasa gefe ɗaya ya zame ƙasa, karayar zamewa: irinta ce ta yi yawa a gefunan Bahar Maliya, inda Jazirar Larabawa ke nisantar Afirka da kimanin santimita 1 a shekara. Inda aka matse gefe ya hau kan ɗan'uwansa, karayar hawa. Inda gefuna biyu ke wuce juna a kwance, karayar guga. Wannan ce ta bi ta Tekun Akaba ta nufi Mataccen Teku, kuma ɓangaren Larabawa ya riga ya matsa arewa da kimanin kilomita 105 in an gwada da Sina'i.

Na san za a ce muna da karayar arziki da karayar zuciya. Ba su hana maɗori amfani da tasa ba.

Ga gwaji, ku ji ko ta zauna a kunne: "A ranar 22 ga Nuwamba 1995 karayar ƙasar da ke ƙarƙashin Tekun Akaba ta motsa, aka yi girgizar ƙasa da ƙarfinta ya haura maki 7."

'Yan uwanmu na Bur Sudan, ku ne a ɗaya gaɓar Bahar Maliya. In masu fasa dutse ko haƙar zinari a wajenku suna da sunan da suka riga suka saba da shi, ku kawo, shi zan fifita a kan nawa.