Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira "waveguide" da Hausa?

Mai Shirin Kimiyya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirin kimiyya, an ba ni minti shida in yi bayanin wani fannin bincike da ake kira da Turanci "crystalline waveguide lasers made by ultrafast laser writing". Abin da na gane shi ne, ana ɗaukar ɗan guntun dutse garai-garai, a haska masa leza mai ƙarfi, wato na'urar nan mai fitar da siririn haske, har cikinsa, a fitar da wata siririyar hanya da haske zai bi, sai hanyar nan ita ma ta zama ƙaramar leza. Kalma uku ne suka tsaya mini a wuya: waveguide, crystal, ultrafast. A takardata na sa "bututun haske", "lu'ulu'u" da "mai saurin gaske", amma raina bai kwanta ba. Masu sauraronmu suna kasuwa, suna gona, suna tuƙi, sau ɗaya jimla za ta wuce kunnensu. A taimaka.

Malamin Fiziks:
Wa alaikis salam. Bututu kam a cire shi, ƙanwata, don bututu rami ne da shi, wannan kuwa cikinsa a cushe yake. Na tsaya a kan irin na'urar lokacin da nake karatu a waje. Dutsen bai kai rabin ƙwayar dabino ba, launinsa ruwan hoda-hoda. Ana ɗora shi a kan wani ɗan faifai da kwamfuta ke turawa a hankali, hasken ya sauko ta gilashin madubin likita ya tattaru a ɗigo ɗaya ƙarƙashin fatar dutsen. Hasken ba ya motsi, dutsen ne ke tafiya. Saman dutsen ba ya ko ƙwarzanewa, don sai a wurin ɗigon nan kaɗai ƙarfin hasken ke kaiwa ya taɓa shi. In an gama ka leƙa ta madubin, sai ka ga layi biyu baƙi-baƙi a jere, tsakaninsu kamar maikuromita 20 zuwa 30 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), bai kai kaurin gashin kai ba. Haske ba ta cikin layukan yake bi ba. Su tabo ne. Suna matse naman dutsen da ke tsakaninsu, matsin nan ne ke riƙe hasken ya hana shi bazuwa.

"Mai saurin gaske" ma kuskure ne, kuma har wasu 'yan jaridar Turanci suna faɗawa ciki. Gudun haske ɗaya ne, kusan kilomita 300,000 a sakan. Abin da ake nufi shi ne hasken yana fita ne walƙiya-walƙiya, kowace walƙiya gajeriya ce ƙwarai, ana auna ta da femtosakan, wani ɗan mitsitsin yanki na sakan.

Mai Fassara:
To ga nawa: magudanar haske. Muna da magudanar ruwa, muna da magudanar jini, kowa ya san sigar. Crystal kuma kiristal kawai, a wuce wurin. Ultrafast: mai gajeriyar walƙiya. Writing kuma "zanawa", kada ki ce rubutu, mai sauraro zai ɗauka haruffa ake yi a cikin dutsen.

Mai Shirin Kimiyya:
Na gode, Yaya. Zanawa da gajeriyar walƙiya na ɗauka. Amma me ya hana lu'ulu'u? Na sha jin sa a wasu tashoshi.

Malamin Fiziks:
Lu'ulu'u yana kai hankali ga ado da tsada. Abin da ya sa abu ya zama kiristal ba kyau ba ne, tsari ne: ƙwayoyin zarransa a jere suke sahu-sahu, jerin yana maimaita kansa. Gishirin girki kiristal ne. Alif ɗin da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta kiristal ne. Gilashi kuwa duk sheƙinsa ba kiristal ba ne, ƙwayoyinsa a hargitse suke. Shi ya sa ƙarau ma ba zai yi ba, in akwai mai shirin kawo shi. Kuma bambancin nan shi ne zuciyar labarinki. A gilashi aka fara wannan zane, rukunin Kazuyuki Hirao a Japan, 1996. Aka koma kiristal saboda ya fi gilashi fitar da zafi nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi ƙara wa haske ƙarfi a ɗan gajeren wuri.

Baba Tsohon Malamin Hausa:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni magudana ba ta yi mini ba. Magudana ta abu mai ruwa-ruwa ce, kuma yau in ka ce magudana a Kano, kwata mutum zai gani da ledoji a ciki. Shi Malamin Fiziks da bakinsa ya ba mu kalmar bai lura ba. Ya ce layi biyu ne a jere, abin yana bi ta tsakaninsu, layukan ne ke hana shi fita. Wannan ai burtali ne! Hanyar shanu tsakanin gonaki, shingen aguwa dama, shingen aguwa hagu, garke ya bi ta tsakiya ba ya ɓarna. Burtalin haske. Manomi ya sani, makiyayi ya sani, ba sai an yi musu dogon sharhi ba. Shekara 34 na yi ina koyar da Hausa, ban taɓa ganin kalma ta zauna daram a kan baƙon abu kamar wannan ba.

Kiristal kuwa ban yarda ba. Muna da ƙanƙara. Ita ce ta ruwan sama, ita ce dutsen ƙyastu. Su kansu Turawa daga Girkanci suka aro tasu, kuma asalin ma'anarta can ƙanƙara ce. Su sun faɗaɗa tasu, mu me ya sa ba za mu faɗaɗa tamu ba?

Ɗan Maradi:
Baba, Allah shi ƙara girma. Burtali ta yi, mu ma nan haka muke kiranta. Amma ni ƙorafina daban ne. Duk kun wuce "leza" kamar an gama maganarta. Wa ya gama ta? Nan Nijar "lazer" muke ji tun lokol, kuma leza a kunne ba ta da nisa da reza, ba ta da nisa da leda. Ki ce a rediyo an zana dutse da leza, tsoho shi ɗauka reza anka sa. Kullum haka ne, ku zauna Kano ku yanke, mu a ce mu bi. Alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a hukumance, abin da Najeriya ba ta yi ba.

Mai Fassara:
Malam, ba wanda ya yanke a Kano. Bakin mutane ne ya yanke. Je asibitin ido ka ji abin da marasa lafiya ke cewa, "aikin leza" suke cewa. Mu bin su muke yi.

Ɗan Maradi:
Wane asibiti? Na wane gari? Ka ga abin da nike faɗi ke nan.

Baba Tsohon Malamin Hausa:
Ku bar wannan, ku duka biyun aro kuke yi, ɗaya daga Ingila ɗaya daga Faransa, kuna faɗa a kan kayan wani. Ni abin da ke ci mini rai shi ne saurin miƙa wuya. Waɗanda suka ce jirgin sama, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango, ba su fi mu ilimi ba, sun dai fi mu kishi. Har yau ba wanda ke cewa wani abu ban da gajeren zango. Da sun yi irin taku, da yanzu shotweb muke cewa. Kuma 'yata, kada ki ce femtosakan, ki ce femtodaƙiƙa.

Mai Fassara:
Allah ya gafarta Malam, daƙiƙa a Larabci minti ce. Almajiri zai ji minti, ɗan boko zai ji sakan, ka ga an sami ninki 60 tsakaninsu a shirin da ke maganar awon lokaci. Sakan ba ta da wannan ruɗani. Kuma ita ma daƙiƙar aro ce, ta dai riga zuwa.

Baba Tsohon Malamin Hausa:
Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida.

Malamin Fiziks:
Baba, ranka ya daɗe, burtali ta burge ni, kuma gobe a aji zan yi amfani da ita. Amma a matsayin suna tana da gibi. Layi biyun nan salo ɗaya ne kawai. A gilashi sau da yawa layi ɗaya ake ja, kuma ta cikin layin kansa hasken ke bi, babu shinge. Akwai kuma salo na uku, wanda aka nuna a wani kiristal da ake yin leza da shi mai suna YAG a 2005, inda ake jan layuka masu yawa su kewaye tsakiya kamar zobe. Wannan ya fi kama da rijiya a kwance. Sannan kalmar ta girmi aikin leza. A na'urar rada akwai waveguide na ƙarfe, shi kam bututu ne na gaske mai rami, kuma ba hasken da ido ke gani yake ɗauka ba. Zaren gilashin da ke kawo intanet ta ƙarƙashin teku shi ma waveguide ne. In muka ce burtali, ranar da aka zo kan waɗannan sai mun sake zama.

Ƙanƙara kuwa, gaskiya ne ƙanƙarar ruwa kiristal ce. Amma in ta ce "leza ta ƙanƙara", mai sauraro zai tambaya ko ba ta narkewa.

Baba Tsohon Malamin Hausa:
Jirgi ma da na ruwa ne kaɗai. Da na ƙasa ya zo ba a sake zama ba, da na sama ya zo ba a sake zama ba. Kalma tana girma ne in an bar ta ta yi aiki. Ku ne ba kwa barinta.

Ɗan Maradi:
Wannan gaskiya ce, Baba. In ɗan jami'a ya ƙirƙiro kalma a ce ta shiga ƙamus, in ta fito daga bakin makiyayi a ce tana da gibi.

Mai Shirin Kimiyya:
Iyayena da yayyena, don Allah. Daren Talata ne, gobe da azahar zan miƙa rubutun. Baba, wallahi da na karanta burtali sai da na ga abin a idona, karo na farko tun da na fara karanta takardun nan. Abin da ke ba ni tsoro ɗaya ne: a tasharmu kusan duk lokacin da aka ambaci burtali, labarin rikicin manoma da makiyaya ne ke biyowa. Ina gudun hankalin mutane ya tafi can. Ga abin da na rubuta, a duba mini:

"Leza na'ura ce mai fitar da haske siriri, mai launi ɗaya, wanda ba ya bazuwa. Ta farko Theodore Maiman ne ya haɗa ta a Amurka a 1960, da jan yaƙutu. Yau masana suna ɗaukar kiristal, wato dutsen da ƙwayoyinsa ke jere sahu-sahu kamar na gishiri, su zana magudanar haske a cikinsa ba tare da sun fasa shi ba. Suna jan layi biyu kamar shingen burtali, haske ya bi ta tsakiya. Alƙalamin zanen wata leza ce mai gajeriyar walƙiya, wadda ake aunawa da femtosakan."

Malam, yaya zan kwatanta femtosakan? Kuma me ke mayar da magudanar ta zama leza?

Malamin Fiziks:
Ki ce: a raba sakan ɗaya gida miliyan, a sake raba kowane gida biliyan, ɗaya daga ciki shi ne femtosakan. Ko ki ce yadda sakan ɗaya yake a cikin shekara kusan miliyan 32, haka femtosakan yake a cikin sakan. Ki ambaci Ahmed Zewail ɗan Masar, wanda ya sami kyautar Nobel a 1999 saboda kallon haɗuwar sinadarai da irin wannan walƙiya, mutanenmu za su ji daɗin sunan. Na biyun kuma: tun wajen haɗa kiristal ɗin ake barbaɗa masa wani sinadari, kamar niyodimiyam. Sai a cusa haske mai tsawon zango nanomita 808 (nanomita miliyan ne milimita ɗaya) ta baki ɗaya na magudanar, sinadarin ya sha, ya amayar da wani mai 1064, madubai a bakin nan biyu su riƙa mayar da shi yana kai da komo yana ƙaruwa. Da yake hanyar a matse take, ɗan haske kaɗan ya isa ya tayar da ita. Lambobin ba dole ki faɗa ba.

Ɗan Maradi:
Ki dai faɗi "lazer" ko sau guda, ki ce haka ake kiranta Nijar. Muna kama tasharku nan da dare.

Mai Shirin Kimiyya:
Zan faɗa, Malam, a jimlar farko.

Baba Tsohon Malamin Hausa:
An mayar da burtali misali, an ba magudana sarauta. To. Rubutun ya yi kyau, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ki gyara wuri ɗaya: "kamar shingayen burtali", tunda biyu ne. Kiristal dai har yanzu ban sa hannu ba. Malamin Fiziks, in ka gwada burtali a aji gobe, ka dawo nan ka gaya mana wacce yaran suka riƙe.

Malamin Fiziks:
In sha Allahu, Baba. Ƙarfe goma nake da su.