Neman shawara: karen gadinmu ya tsufa, ƙafafu sun ƙi, ga yawan shan ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da kare da ke gadin gidan gonarmu a wajen Zariya, shekararsa 11. Marigayi mahaifinmu ne ya kawo shi tun yana kwikwiyo. Tunda hunturun nan ya shigo, tashi da safe ya zame masa aiki, sai ya daɗe yana kokawa da ƙafafun baya kafin ya miƙe. Ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, ya rame, bakinsa kuma yana wari. Wani mai kemis ya ce in ba shi diclofenac, ban dai ba shi ba tukuna. Maƙwabta kuwa cewa suke in kai shi daji in yar, in nemi sabo. Wallahi zuciyata ta ƙi. Me zan yi masa?

Wani likitan dabbobi: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka ba shi diclofenac ko ibuprofen. Suna huda wa kare ciki, suna kuma lalata ƙoda. Paracetamol ma kada a ba shi da ka, yana iya taɓa hanta. Ciwon ƙafar ya yi kama da amosanin gaɓɓai, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙishirwar da ramar da warin bakin. A tsohon kare, waɗannan kan nuna ciwon ƙoda, ko da yake ciwon suga ma yana zuwa da ƙishirwa da rama. Gwajin jini da na fitsari ne za su raba gardama. Ƙoda ba ta saurin kuka: sai wajen kashi uku cikin huɗu na aikinta ya tafi kafin creatinine, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda ake aunawa a gwaji, ya hau sosai a jini. Shi ya sa ko meloxicam, da muke ba karnuka don gaɓɓai, ba ma rubuta shi sai mun ga lafiyar ƙoda. Kana kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ka kai shi cikin makon nan. A duba masa har da cututtukan kaska, su ma suna ramar da kare.

Wata 'yar uwa daga Jos: Yaya, na yi jinyar irin wannan, tawa karyar ƙoda ce ta kama ta. Ruwa dai kada ka rage masa don gudun fitsari, shi ke riƙe da shi. Ka ajiye kwano biyu ko uku kusa da makwancinsa. Sai abinci: sauran tuwo da miyar gida akwai gishiri da magi da albasa, ita albasa kuwa guba ce ga kare, tana fasa masa ƙwayoyin jini. Ni likita ya hana ni ƙashi da busasshen kifi da kayan ciki saboda yawan fosfaras, sinadarin da ke taruwa a jini in ƙoda ta yi rauni. Shinkafa ko dankalin Hausa nake dafa mata ba gishiri, da farin ƙwai da ɗan nama kaɗan, in raba mata sau uku a rana. Amma ka jira sakamakon gwaji kafin ka sauya, in suga ne tsarin daban yake.

Wani dattijo mafarauci: Ɗana, kada ka saurari masu cewa a yar da shi. Dabbar da ta kwana tana tsaron dukiyarku shekara 11 tana da haƙƙi a kanku. Ka tuna hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ka ɗauke shi daga kan siminti, ka shimfiɗa masa tsohuwar katifa ko buhuna inda iska ba ta bugawa. In hantsi ya ɗaga ka bar shi ya sha rana. Kada kuma ka ɗaure shi wuni guda, gaɓa takan ƙara sandarewa. Ɗan zagaye safe da yamma ya wadatar, in ya tsaya ka tsaya.

Wani mamba daga Kano: Gaskiya ɗaya ce, ciwon ƙoda na tsufa ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, kuma akwai kashe kuɗi. Ka tambayi kuɗin gwaji da magani tun farko. In ta kai ya daina ci, yana ta amai, ba ya iya tashi daga fitsarinsa, ka zauna da likita kan allurar da za ta ɗauke ransa ba tare da wahala ba, in kana da shakka ka tambayi malami. Daji dai yunwa da ƙishirwa ne za su kashe shi a hankali.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na shimfiɗa masa katifa, gobe insha Allahu zan kai shi. Likita, fitsarin fa, ya zan ɗebo?

Likitan dabbobi: Na farkon safiya ya fi. Ka tara da faranti mai tsabta in ya fara yi, ka juye a busasshiyar kwalba mai murfi, ka kawo cikin awa ɗaya. Abincin safe ka dakata da shi har a ɗebi jini, amma ruwa ka bar masa.