Tsoron amai ya hana yarinya cin abinci da shiga mota: ciwo ne ko shagwaɓa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Yarinya ce 'yar shekara 16, kusan shekara guda ke nan ba ta cin komai sai burodi, shayi da farar shinkafa, wai kada ta yi amai. Ba ta shiga motar haya, ba ta zuwa dubiya, in wani ya ce zuciyarsa na tashi sai ta bar ɗakin jiki na ɓari. An yi gwajin olsa da taifot, ba a ga komai ba. Kuma rabonta da amai tun tana firamare. Masana, wannan ciwo ne? Yaya ake maganinsa?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ciwo ne sananne, ba shagwaɓa ba. A likitance sunansa imetofobiya. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya fito a 2013, ya sa shi cikin tsoron da ke maƙale wa abu guda, kuma sharaɗinsa ya kai wata 6 yana hana mutum harkokinsa. Ya fi kama mata, galibi tun ƙuruciya yake somawa.

Abin da ke riƙe shi shi ne, fargaba da kanta tana tayar da zuciya. In mutum ya tsorata, narkewar abinci kan ragu, ciki ya murɗa, maƙogwaro ya shaƙe. Sai yarinyar ta ɗauka amai ne ke tafe, tsoron ya ƙaru, tashin zuciyar ya ƙaru. Ga yunwa kuma, ita ma tana kawo tashin zuciya. Duk ranar da ta ƙi cin nama ba ta yi amai ba, sai ƙwaƙwalwarta ta ce ƙin cin ne ya cece ta.

A fara auna nauyinta. In tana ramewa sosai, ko al'adarta ta ɗauke, ko tana jiri har ta faɗi, asibiti za a nufa kafin komai. A tambaye ta kuma ko tana gudun ƙiba ne, don wannan wani ciwon ne daban. Sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, nan ake neman masanin halayyar ɗan Adam.

Malama Mai Ba Da Shawara:
Na yarda da Likita. Maganin da ya fi inganci shi ne CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, ta hanyar tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan. Yawanci zama wajen 12 ne, sau ɗaya a mako, wasu su fi haka, kuma maimaita matakan a gida shi ne ƙashin bayansa.

Yarinyar da kanta za ta lissafa abubuwan da take gudu, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. A fara da mai maki 3 ko 4: rubuta kalmar "amai" sau 20, faɗinta da ƙarfi, kallon zane. Daga nan hoto, sai bidiyo babu sauti, sai da sauti. Can gaba a dama kunu da ragowar miya a roba ta zauna kusa da shi, har ta kai tana guntsar kunu ta tofar a banɗaki tana kakari. Akwai kuma sabawa da abin da jiki ke ji: ta yi ta juyawa na daƙiƙa 30, ta ci ta ƙoshi, ta shiga adaidaita sahu tafiyar minti 10.

Kafin kowane mataki ta rubuta abin da take zaton zai faru, bayan an gama ta rubuta abin da ya faru. Ta daure minti 20 zuwa 30, ta maimaita kullum, kada a hau na gaba sai wannan ya zama ba komai ba.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne 'yan dabarun kariya. Za ki ga ta shiga motar, amma da leda a jaka, citta a baki, ta manne da taga. In ta sauka lafiya, cittar za ta gode wa. Dole a janye su ɗaya bayan ɗaya. Haka tambayar nan ta "Mama, zan yi amai?" Amsar "a'a" tana kwantar da hankali na minti biyar ne, ta sake dawowa. Ku shirya da ita tun farko cewa amsar za ta zama: "Ban sani ba, amma ko ya zo za ki iya."

Don Allah kada a sa ta yin amai da gangan, ko a ɗura mata abinci. Firgita ta zai yi, ta daina yarda da ku.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Hajiya, ki duba jakarta, da yawan masu wannan ciwon suna sayen maganin amai a kemis a ɓoye. Maxolon ko Plasil kan sa wuya ya sandare, idanu su kafe sama, kuma 'yan mata sun fi shiga wannan haɗarin. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shansa zuwa kwana 5. Phenergan kuwa barci da kasala yake sawa. Valium, ƙwayar kwantar da hankali, yana sa jiki ya saba da shi, kuma yana ɓata aikin da Malama ta bayyana, don wanda aka kwantar da ƙwaya bai koyi komai ba. In likita ya rubuta maganin damuwa irin su sertraline, a sanar da ita yana iya tayar da zuciya a mako ɗaya ko biyu na farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan. In ba a faɗa mata ba, a rana ta biyu za ta watsar.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. To wanke hannu fa? Ga damina, ana fama da amai da gudawa.

Malama Mai Ba Da Shawara:
Ta yi abin da kowa a gidan ya kamata ya yi: sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 bayan banɗaki da kafin cin abinci, da shan ruwa mai tsabta. Sau ɗaya, ba sau biyar ba. Ki rubuta ƙa'idar ki manna a kicin, abin da ya wuce ta a sa shi cikin jerin da za a janye.